Jawabin shugaba a taron wata: mu muka kori yaron nan

Sakatare, riƙe rahotonka tukuna. Ma'aji, kai ma ɗan dakata. Akwai maganar da ke cina a rai tun taron da ya wuce, ba zan iya zama ina sauraron lissafin hayar zaure ba sai na fitar da ita.

Kun san abin da ya faru a zaurenmu na WhatsApp. Ba zan kama suna ba, kuma duk wanda ya kama suna a ɗakin nan zan roƙe shi ya fita. Ɗanmu ne, a gabanmu ya girma, shi ke riga kowa zuwa ya jera kujerun nan da kuke zaune a kai. Da ƙafarsa ya je ya yi gwaji, aka ce yana ɗauke da ƙwayar cutar ƙanjamau. Mutum ɗaya ya gaya wa. Kafin gari ya waye magana ta zagaye wayoyinmu. An goge saƙon daga baya, amma bakin alƙalami ya riga ya bushe. Tun daga ranar bai sake taka nan ba. Da izinin mahaifiyarsa nake wannan magana, ita ce ta gaya mini cikin kuka cewa ya fara tsallake shan maganinsa, wai me ya yi saura.

Iyayena, yayyena, ku waiwaya bayan ɗakin nan ku ga samarinmu da 'yanmatanmu. Duk sun ga abin da muka yi wa ɗan'uwansu. Wane ne cikinsu zai je gwaji yanzu? Wace yarinya ce za ta zo ta ce, Gwaggo, wani abu ya same ni?

Ba ƙaramin abu ba ne wannan. Akwai maganin da ake kira PEP, wanda idan an yi wa yarinya fyaɗe, ko yaro ya yi kuskure, zai iya hana ƙwayar cutar kama jiki. Amma sai an fara shi cikin awa 72, a sha har kwana 28. Kwana uku kacal! Yarinyar da ke tsoron bakinmu za ta cinye kwana ukun nan a ɗaki tana kuka, ƙofa a kulle. Akwai kuma PrEP, na rigakafi, har da allurar sau biyu a shekara da Amurka ta amince da ita a 2025. Likitoci sun yi nasu. Abin da ya rage shi ne babban da zai kama hannun yaro ya raka shi asibiti ba tare da ya tona masa asiri ba.

Wasunmu har yanzu muna zamanin da ake ce wa cutar nan kabari kusa. Tun 1996 aka samu haɗin magungunan da suka sauya labarin. Yau mai shan maganinsa kullum, har ƙwayar ta daina bayyana a gwajin jini, ba ya sa wa matarsa. Zai yi aure, ya haifi 'ya'ya lafiya lau, ya ga jikokinsa. Ba a ɗaukarta ta musafaha, ko cin abinci a kwano ɗaya, ko cizon sauro. To yaron nan da muka sa ya fara barin magani, me muka jawo masa? Me muka jawo wa wadda zai aura?

Hukumar UNAIDS, ta Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da cutar ƙanjamau, ta ce a 2023 mutum miliyan 1.3 suka kamu a duniya, kuma kowane mako 'yanmata kusan 4,000 masu shekara 15 zuwa 24 ke kamuwa. Sa'annin 'ya'yanmu ke nan. A Zimbabuwe akwai shirin Zvandiri, tun 2004, inda matasa masu ɗauke da cutar ke ziyartar 'yan'uwansu matasa, suna tuna musu magani, suna sauraron kukansu. Zumunci ne kawai aka tsara shi. Mu da muke tinƙaho da zumunci fa?

Na san wani zai ce ina buɗe wa yara ƙofar lalacewa. Allah ya kiyaye. Tarbiyya tana nan, kame kai yana nan, kuma zan ci gaba da faɗa wa nawa 'ya'yan. Amma akwai wanda aka haifa da cutar, akwai wadda mijinta ya kawo mata. Wanda ya yi kuskuren ma, an ce mana mu rufa asirin ɗan'uwa domin Allah ya rufa namu.

Da a gida ne, yaron nan yana da kawu, yana da kaka, yana da inda zai kai kukansa idan ya kasa haɗa ido da mahaifinsa. Nan fa? Daga makaranta sai aiki, sai ɗaki da waya. Mu ne kawunnansa, mu ne kakanninsa. Ina alfahari da ƙungiyar nan, wallahi. A dare ɗaya mun taɓa haɗa kuɗin kai gawar ɗan'uwanmu gida. Ashe sai ya mutu za mu san namu ne?

Sauran batutuwa a gurguje. An biya hayar zaure. Karatun yara na ranar Asabar yana nan. Kuɗin wata-wata kuwa, kun san kanku, asusun taimakon gaggawa ya kusa ƙarewa, ku ga ma'aji kafin ku fita.

Ga abin da nake so mu yanke yau. Duk wanda ya sake yaɗa labarin ciwon wani a zaurenmu na WhatsApp, a cire shi. Mu gayyato ma'aikacin lafiya ya zauna da matasa su kaɗai, ba mu a ciki, kafin 1 ga Disamba. Kuma ina neman mata biyu, maza biyu, masu riƙe sirri, waɗanda yaro zai iya buga wa waya ko da tsakar dare. Ni dai gobe da yamma ina gidan su yaron nan, in ba shi haƙuri a madadinmu. Mai zuwa ya ɗaga hannu. Sakatare, rubuta sunayensu.