Fuka a ɗaki take kwana

Jama'a masu sauraro, assalamu alaikum.

Makon jiya na sake ganin abin da na gaji da gani a garin nan na Katsina. An kafa rumfuna, an jera kujeru, an ɗaura lasifika, wai an zo duba masu ciwon asma, wato fuka, kyauta. Aka raba abin shaƙa, aka ɗauki hotuna, kafin la'asar an kwashe kujeru kowa ya kama gabansa. Allah ya saka wa waɗanda suka kashe kuɗinsu. Amma ƙarfe biyun dare, sa'ad da ƙirjin yaro ya fara fito kamar usur, wa ke tare da uwarsa? Fuka a ɗaki take kwana, kuma ba wanda ya bi ta can.

Akwai wata baiwar Allah a unguwarmu da ta kai ɗanta ɗan shekara bakwai irin wannan taro. Na leƙa gaishe su, sai na tarar da abin shaƙar yana nan cikin ledarsa a kan sif, ko buɗe shi ba a yi ba. Na ce, "Maman yara, me ya hana?" Ta ce, "Malam, ai an ce in yaro ya saba da shi, shi ke nan, ba ya rabuwa da shi har abada." Ina jin ta ina kallon ɗakin: maganin sauro na ci a gindin gado, ga kaskon turaren wuta, ga garwashi saboda sanyi, taga kuma an toshe ta da tsumma. Duk ranar da abin ya motsa, uban ya saɓa yaron sai kemis, a yi masa allura, a dawo. Bayan mako biyu a koma gidan jiya.

Ba na ganin laifinta ko kaɗan. Wa ya zauna da ita ya ce mata abin shaƙa ba ya sa jaraba? Wa ya bambance mata mai shuɗi, wanda ke buɗe hanyar iska nan take, da wanda ake shaƙa kullum ko yaro na lafiya don ya kwantar da kumburin da ke ciki? Wa ya nuna mata cewa ƙaramin yaro ba ya iya haɗa dannawa da jan numfashi, don haka sai a huda gindin gorar ruwa ta roba mai rabin lita, a cusa bakin abin a ciki, a danna sau ɗaya, yaro ya yi ta ja ta bakin gorar? Likitocin yara a Afirka ta Kudu sun gwada wannan dabara tun 1999, suka ga ba ta gaza wadda ake saya da tsada ba. Gorar da muke jefarwa a kwata! Wannan karatu ba ya yiwuwa a kan layin mutum ɗari uku. Sai a ɗaki, a kan tabarma, kuma sai an dawo an sake dawowa.

Kada wani ya ce mini ba mu da masu shiga gida. Su waye suka bi gida-gida da ɗigon shan inna har aka ce Najeriya ta rabu da cutar a 2020? Su waye ke zagayawa kowace damina da maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro na yara? Matan unguwa ne, waɗanda in sun yi sallama ba a ce musu maigida ba ya nan. A ƙara musu horo a kan asma, a ba kowace littafi mai sunayen masu fuka a layinta, ta riƙa leƙa su kafin hunturu ya shigo da ƙurarsa da lokacin sussukar gero. Ta koya wa uwa alamun da ba a jira da su: yaro ya kasa ƙarasa magana, haƙarƙarinsa na lotsawa, abin shaƙa bai yi aiki ba. Wannan sai asibiti, ko da tsakar dare ne.

Wasu za su ce zazzaɓi da tamowa sun fi kashe yara, a bar asma tukuna. Ai ba layi cututtuka ke bi ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum 455,000 ne asma ta kashe a 2019, mafi yawansu a ƙasashe irin tamu, kuma galibi mutuwar da za a iya kaucewa ce.

Inda nake da fargaba shi ne ɗorewa. Mun sha ganin shiri ya mutu ranar da motar masu ba da tallafi ta juya. Matan nan in ba a biya su alawus ba za su ajiye littafin, kuma ba zan zarge su ba. Ga tsada: tun da kamfanin magunguna na GSK ya sanar da tattara komatsansa daga Najeriya a 2023, kuɗin abin shaƙa ya yi tashin gwauron zabi. Abin da ake rabawa kuwa danni 200 ne a ciki, ya ƙare ya ƙare.

To mazaɓu 361 gare mu a jihar nan, akwai kwamitocin raya mazaɓa, akwai kuɗin kula da lafiya a matakin farko da dokar lafiya ta 2014 ta ware. Kwamiti ya saye abin shaƙa a sari, ya ajiye a asibitin sha-ka-tafi, a sayar a kan kuɗin da aka sayo, a sake sayowa. Mai unguwa ya san da shi, liman ya faɗa bayan sallah. Kuɗin rumfa da lasifika na yini guda kaɗai zai fara wannan asusu a mazaɓa ɗaya.

Yaron unguwarmu dai ya fara shaƙa ta gorar roba, an fitar da kaskon garwashi tsakar gida. Jiya uwar ta aiko a tambaye ni, in wannan ya ƙare, ina za ta samo wani. Ranka ya daɗe kansila, me zan ce mata?