Auna danshin kankare da filasta kafin a shafa fenti ko a shimfiɗa daɓe

Assalamu alaikum, masu kallo. Ku dubi wannan bango da kyau. Fentin da ke jikinsa bai cika wata uku ba, amma ga shi ya kumbura a wurare da yawa, ya fara ɓarewa daga ƙasa, kuma wani farin gari ya fito a ƙarƙashinsa. Idan haka ta faru, mai gida yakan ɗora laifin a kan mai fenti, shi kuma mai fenti ya ce kayan ne ba su da inganci, alhali sau da yawa fentin da aikin duk ba su da aibi. Abin da ya faru shi ne an rufe bangon tun ruwan da ke cikinsa bai gama fita ba.

Domin a gane yadda hakan ke faruwa, sai an fara sanin inda ruwan ya fito. Idan aka kwaɓa buhu ɗaya na siminti mai nauyin kilo 50, akan zuba masa ruwa kimanin lita 25, wani lokacin ma fiye da haka idan magini yana son kwaɓin ya yi laushi a hannu. Daga cikin wannan ruwa, kusan rabi ne kawai simintin ke haɗewa da shi ya zama dutse. Ragowar yana zaune ne a cikin ƙananan ƙofofin da ido ba ya gani, kuma ba shi da hanyar fita sai ta saman kankaren, a hankali, kwana bayan kwana.

A nan ne mutane da yawa ke rikicewa game da kwana 28 da aka saba ambata. Kwana 28 lokaci ne da injiniyoyi suka ɗauka don auna ƙarfin kankare, wato a san ko ya kai ƙarfin da aka tsara masa. Wannan lissafi bai shafi bushewa ba ko kaɗan. Hasali ma, a kwanakin farko ana bai wa kankare ruwa da gangan domin ya yi ƙarfi, saboda haka ƙidayar bushewa ba ta farawa sai an daina ba shi ruwa kuma an kare shi daga ruwan sama. Ƙiyasin da masu gini suka daɗe suna amfani da shi shi ne wata guda ga kowane milimita 25 na kaurin kankare, idan yanayi ya yi kyau. Wannan na nufin daɓe mai kaurin milimita 100 yana iya buƙatar wata huɗu, ko fiye da haka idan iska tana da laima ko ɗakin a rufe yake. Shi kuwa siririn daɓen yashi da siminti da ake zubawa a kan kankare, akan ƙiyasta masa kwana ɗaya ga kowane milimita har zuwa milimita 40, bayan nan bushewar ta ƙara jinkiri.

Abin da ya fi yaudarar mutane shi ne saman. Kankare yana bushewa ne daga sama zuwa ƙasa, saboda haka za ka iya shafa hannu ka ji shi a bushe ƙarau, har ƙura tana tashi, amma santimita uku ko huɗu a ƙasa yana cike da danshi. Muddin saman a buɗe yake, danshin yana fita ba tare da an lura ba. Da zarar an shimfiɗa ledar ƙasa, ko katako, ko fentin daɓe mai kauri, hanyar fita ta toshe, sai danshin cikin ya hau sama ya taru a ƙarƙashin abin da aka shimfiɗa, kamar yadda rigar da ba ta gama bushewa ba take gumi idan aka ɗaure ta a cikin leda. Kuma wannan ruwa ba ya hawowa shi kaɗai. Sabon kankare yana da kaifin kanwa sosai, a ma'aunin pH da ake auna wannan kaifi da shi yana tsakanin 12 da 13, don haka ruwan da ya ratso ta cikinsa yana cinye gam ɗin da ya riƙe ledar, yana lalata fentin mai har ya yi yauƙi, sannan idan ya bushe ya bar wannan farin gishirin da kuka gani a farko.

To, ta yaya ake aunawa? Gwaji mafi sauƙi, wanda kowa zai iya yi da hannunsa, shi ne gwajin leda. A samu leda mai kauri wadda ake ganin abin da ke bayanta, a yanka ta murabba'i, santimita 45 a kowane gefe, a shimfiɗa ta a kan kankaren da aka share tsaf, sannan a liƙe gefunanta huɗu da tef mai ƙarfi ta yadda iska ba za ta shiga ba. Ƙa'idar ASTM D4263 ta hukumar gwajin kayayyaki da ke Amurka ta ce a bar ta aƙalla awa 16. Idan aka ɗaga ta, a duba abu biyu: ko akwai ɗigon ruwa a cikin ledar, da kuma ko wurin da ta rufe ya fi kewayensa duhu. Idan an ga ɗaya daga ciki, magana ta ƙare, ba a taɓa wannan daɓe tukuna. Sai dai ina so a riƙe wannan da kyau: ledar da ta fito a bushe ba hujja ba ce cewa kankaren ya bushe, domin abin da ke kusa da sama kawai take nunawa, kuma ba ta ba da wani adadi da za a kwatanta da sharaɗin mai kayan.

Akwai ƙaramar na'urar hannu mai allurai biyu, da wata irinta marar allura da ake ɗorawa a kan bango. Suna da amfani ƙwarai wajen zagaya ɗaki cikin sauri a gano inda ya fi jiƙa, amma dole a san iyakarsu. Mai alluran an tsara ta ne tun asali don katako, kuma abin da take aunawa shi ne yadda lantarki ke ratsa abu, saboda haka gishirin da ke cikin filasta yana iya sa ta nuna danshi mai yawa a bangon da ya riga ya bushe. Marar allurar kuma rodi ko bututun ƙarfe da ke kusa da sama yana ruɗa ta. Hanyar da ta dace ita ce a fara auna wani sashe na ginin da aka tabbata ya bushe, a riƙe wannan adadi a matsayin ma'auni, sannan a kwatanta sauran wurare da shi.

Ga aikin da za a kashe wa kuɗi masu yawa, gwajin da na fi amincewa da shi shi ne wanda ke shiga cikin kankaren, wato na ƙa'idar ASTM F2170. Ana huda rami da injin huda har zuwa kashi 40 cikin 100 na kaurin daɓen idan ta sama kawai yake bushewa, ko kashi 20 idan iska tana samunsa ta sama da ƙasa, kamar daɓen bene. A daɓe mai milimita 100 da ke kan ƙasa, zurfin ramin zai zama milimita 40 ke nan. An zaɓi wannan zurfi ne saboda bincike ya nuna danshin da ke wurin yana daidai da wanda dukkan daɓen zai koma bayan an rufe samansa. A zuƙe ƙurar ramin sarai, a sa bututun roba da na'urar auna laimar iska a ciki, a toshe bakin, a jira awa 24 kafin a karanta. Ƙa'idar ta nemi ramuka uku a murabba'in mita 93 na farko, da ƙarin ɗaya ga kowane 93 da ya biyo baya. Adadin da aka fi sani a matsayin iyakar laimar iskar cikin ramin shi ne kashi 75 cikin 100, amma wasu kayan suna jure fiye da haka, saboda haka takardar bayanin kamfanin da ya yi gam ko ledar ita ce ke yanke hukunci. A Jamus da maƙwabtanta kuwa an fi amfani da gwajin kabayid, inda ake fasa ɗan gutsuren daɓe a haɗa shi da kabayid a cikin kwalbar ƙarfe a auna matsin iskar da ta tashi, kuma a wannan ma'auni na daban iyakar danshin daɓen siminti kashi 2 ne cikin 100.

Kowane gwaji za a yi, a yi shi a yanayin da ginin zai zauna a cikinsa. A kafa ƙofofi da tagogi, a kammala rufin, a bar ɗakin aƙalla awa 48 a irin zafi da laimar da za a riƙa amfani da shi a ciki, domin sakamakon da aka samu a kangon da iska ke ratsawa ba zai yi daidai da na rufaffen ɗaki ba.

Filasta ta fi sauƙi saboda ba ta da kauri, kuma launinta yana magana. Ta siminti tana tashi daga toka mai duhu zuwa toka mai haske, ta jifsam kuma, wato farin garin da ake yin POP da shi, tana yin haske bai ɗaya. Kada a duba tsakiyar bango, domin can ne ke fara bushewa. A duba kusurwoyi, da gindin bango, da kewayen akwatin soket, da duk inda aka cike rami da kwaɓi mai kauri. Tabo ɗaya mai duhu ya isa a dakata. Filastar siminti akan ba ta kimanin mako huɗu, ba don danshi kaɗai ba, har don kaifin kanwarta ya sauka, kuma shafin farko ya kamata ya zama fentin ruwa da aka tsinka ko fentin share fage mai jure kanwa, ba fentin mai ba.

Idan gwaji ya nuna akwai danshi, a buɗe tagogi iska ta ratsa, a kunna fanka, ko a sa na'urar tsotse laima a rufaffen ɗaki. Kada a hura wa sabuwar filasta wuta ko zafi mai tsanani, domin saman zai tsattsage cikin kuma yana nan a jiƙe. A rubuta kwanan wata da adadin da aka samu a jikin bangon da alli, a sake aunawa a daidai wurin bayan mako guda. Idan adadin yana sauka, ruwan gini ne, jira kawai yake buƙata. Idan kuwa makonni sun wuce bai motsa ba, musamman a gindin bango ko kusa da banɗaki, to ruwa ne ke shigowa daga wani wuri, ko bututu mai yoyo, ko ƙasar da ba a shimfiɗa mata ledar tare ruwa ba kafin a zuba kankare, kuma sai an gano wannan hanya an toshe ta kafin a sake maganar fenti.