Darasin tsaftar sito: tsintsiya kafin magani

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da wannan lokaci. Yau ga mu a cikin wani siton hatsi a Dawanau, an kwashe kayan bara, sabo bai shigo ba tukuna. Da gangan na zaɓi yau, domin sito ba ya sharuwa yadda ya kamata sai ranar da yake wayam. Idan kuka ji ƙarar tirela a bayana ku yi haƙuri, kasuwa ce.

Kai ɗan nan, matso da kyamarar nan kusurwa. Kun ga wannan? Mai sito zai rantse an share wurin nan jiya, kuma ba ƙarya ya yi ba, tsakiyar aka share. Amma dubi tsagar da ke tsakanin bango da daɓe. Wake ne a ciki, wajen cikin hannu biyu, duk ya huje. Ƙwaron da zai cinye kayan bana yana nan kwance yana jiran baƙi. Mutane suna cewa daga gona ƙwari ke biyo hatsi, gaskiya ne, amma da yawa a gida suke tarar da 'yan'uwansu.

To yaya ake sharar? Daga sama ake farawa. Ka ɗaura tsintsiya a doguwar gora, ka bi rufi, ka bi katakan da ke riƙe da kwano, ka sauke yana da ƙura da sheƙar tsuntsu, sannan bango, sannan ƙasa. Wanda ya fara da ƙasa zai yi aiki biyu. Kuma a sa takunkumi, don Allah. Ƙurar hatsi ba kamar ƙurar titi ba ce, akwai fumfuna a ciki, akwai kashin ɓera. Na san 'yan dako da suka tsufa da tari saboda ita. Idan hunturu ne ƙura na tashi, ka yayyafa ruwa kaɗan da hannu, yayyafi kawai. Kada ka kawo tiyo ka malale sito da ruwa, siminti yana shan ruwa, ya riƙa mayar wa buhunanka da laima har tsawon kwanaki.

Yanzu ga tambayar da na fi so ku riƙe: sharar nan da muka tara, ina za ta? Yawancinmu a ƙofa muke tura ta cikin lambatu, ko a haɗa da tsofaffin buhuna da leda a cinna wuta. Hayaƙin leda guba ne, kuma maƙwabcinka mai sayar da abinci shi zai shaƙa. Lambatun kuma ya toshe, ruwan Agusta ya dawo maka cikin sito. Abin da nake yi shi ne in raba ta. Ƙaiƙayi da ƙura da ruɓaɓɓen hatsi a kai su nesa da sito a binne a rami, su zama taki, masu lambu ma suna so. Kada a jibge su a bayan katanga, ƙwaro yana da fiffike, zai dawo. Buhun da ya mutu a ɗaure shi dami, akwai masu saye. Wanda zai sake amfani kuwa a juye cikinsa waje, a kakkaɓe, a shanya a rana mai zafi yini guda ko biyu. Hatsin da ya yi fumfuna sosai kada a ce bari a ba kaji ko shanu. Gubar da ke cikin fumfunar masara da gyaɗa, wadda ake kira aflatoksin, tana bi ta nonon saniya ta iso ga mutum, kuma dafuwa ba ta kashe ta.

Bayan shara sai liƙe. Ɗan siminti kwano ɗaya ya isa toshe tsagogin nan. Sannan a rufe ƙofa da rana tsaka, a tsaya a ciki a ɗaga kai. Duk inda ka ga haske ya ɗigo ta kwano, nan ruwa zai ɗigo. Ƙasan ƙofa a buga masa falle na ƙarfe, tagogin shan iska a sa musu raga. Ƙaramin ɓera, ramin da ɗan yatsanka zai shiga ya ishe shi. Ciyawa da tarkacen da ke kewaye da ginin a kawar, ɓera ba ya son ratsa fili. Ni tarko nake sawa a bin bango, ina kuma da kyanwa, ga ta can tana hararar mu. Ban cika son gubar ɓera ba. Zai ci ya je ya mutu a ƙarƙashin buhuna inda ba ka gani, ko kyanwar ta ci shi, ko shaho ya ɗauka, ka kashe masu taya ka aiki. Mushen ɓera kuma ba a ɗauka da hannu tsirara, kun dai san zazzaɓin Lassa ta fitsari da kashin ɓera yake yaɗuwa. A sa leda a hannu, a binne.

Miƙo min kwalbar nan da gishiri. Kafin buhu ko ɗaya ya shigo, sai na san ya bushe. Masu kuɗi suna da na'urar auna danshi, masara ana so ta sauka zuwa kashi 13 cikin 100, gyaɗa kuwa ƙasa da haka sosai, wajen kashi 7 ko 8. Idan ba ka da na'ura, ga dabara. Busasshiyar kwalba, gishirin da aka shanya ya bushe ƙarau, sai ka zuba hatsi, ka rufe, ka girgiza, ka ajiye ɗan lokaci. Idan gishirin ya manne a jikin kwalba, hatsin nan da sauransa, a mayar da shi rana. Kun ga wannan, gishirin yana zuba sumul. Wannan ya yi.

Jera kaya kuma a kan katako, ba a ƙasa ba, a bar tazarar kamar mita 1 tsakanin kaya da bango, yadda mutum zai zagaya da tocila da tsintsiya. Na san abin da za ku ce, kuɗin haya ya yi tsada, kowane taku kuɗi ne. Ni ma haka na ce wata shekara, ina yaron wani Alhaji, na cika sito har bango don in burge shi. Da damina ta ja baya muka janye layin ƙarshe, duk buhun da ya jingina da bangon gabas ya yi baƙi ya dunƙule. Alhaji bai zage ni ba, ya dai sa ni na ɗauke su ni kaɗai, buhu buhu, har na gane.

Mu zo kan maganar da ba a so a yi, wato fiya-fiya. Mu faɗa wa juna gaskiya, ana zuba shi a wake. Wannan sinadari sunansa dikulobos, ba a yi shi don a cakuɗa da abinci ba. A shekarar 2015 Tarayyar Turai ta dakatar da sayen busasshen wake daga Najeriya saboda ragowar wannan maganin da aka riƙa samu a ciki. To wanda Turawa suka ce ba sa so, ina ya tafi? Tukunyarmu ya shiga, shi ne ƙosan da ɗanka ya ci da safe.

Alhali akwai hanyar da ba ta bukatar ko ɗigo. Ga buhun nan mai hawa uku, wanda ake kira PICS, leda biyu masu kauri a ciki, buhun saƙa a waje. Masana na Jami'ar Purdue ta Amurka ne suka fito da shi tare da masu bincike a arewacin Kamaru, kuma saboda wake aka fara yin sa. Hikimarsa ita ce iska. Idan ka ɗaure, ƙwarin da ke ciki suna shaƙe 'yar iskar da ta rage, ta ƙare, su daina ci, su mutu. Amma akwai sharaɗi. Kafin ka zuba, ka cika ledar da iska ka matse bakinta ka danna, in ta sace to ta huje, a ajiye ta gefe. Ka zuba, ka matse iskar da ke sama, ka murɗe bakin leda ta farko ka naɗe ka ɗaure, sannan ta biyu daban, sannan na waje daban. Ɗauri uku. Sannan ku gaya wa 'yan dako babu ƙugiya, babu kuma soka ƙarfen ɗiban samfuri. Huji ɗaya ya ɓata aikin. Idan an lallaɓa shi yana yin shekara biyu zuwa uku, kun ga ledar da za ta tafi bola ta ragu.

Wani zai ce, Malam, ganyen darbejiya da barkono fa? Suna taimakawa a tulu ko buhu biyu na gida, iyayenmu sun yi. Amma ba zan yaudare ku in ce za su tsare tirela goma ba.

Idan kaya sun yi yawa har sai an turara, a nan ne ake kawo ƙwayar nan da muke ce wa bom. Iskar da take fitarwa tana kashe mutum kamar yadda take kashe ƙwaro. Aikin wanda aka horar ne. A lulluɓe kaya da tamfol marar huji, a danne gefensa da buhunan yashi, a bar shi kamar mako guda, a rufe sito, kuma kada mai gadi ya kwana a ciki ko a ɗakin da ke manne da shi. Ba a jefa ƙwayar tsirara cikin hatsi, kuma ba ta haɗuwa da ruwa, tana iya kamawa da wuta. Farin garin da ya rage a tattara a binne nesa da rijiya. Duk wanda ke son koyo sosai, cibiyar binciken adana amfanin gona ta ƙasa, NSPRI, tana da ofis a nan Kano. Robar magani kuma da ta ƙare, a huda ta. Idan ba ka huda ba, gobe za ka gan ta a hannun wani da man gyaɗa a ciki.

'Yan'uwana masu aiki a masana'antun Sharaɗa da Challawa da Bompai, ku ma da ku nake. Baƙin man janareta ko na inji idan ya zube, kada a bi shi da ruwa da omo zuwa kwata. A zuba garin katako ko yashi ya tsotse, a kwashe a durom. A ajiye faranti a ƙarƙashin inji mai yoyo, man da aka juye kuma a tara a jarka, akwai masu saye. Ruwan da ya fita daga Bompai ta rafin Getsi yake bi ya faɗa Jakara, kuma da wannan ruwan ake ban ruwan latas da alayyafo a gefen rafin. Ku je ku gani da idonku wata rana.

To, saura littafi. Ina rataye shi a bayan ƙofa, kowace Asabar a rubuta: an share, an duba tarko, an zagaya bayan kaya, an ga kaza. Kayan da suka fara shiga su za su fara fita. Kai ɗan nan, ajiye kyamarar haka, ɗauko siminti mu toshe tsagar can kafin la'asar, motar farko jibi za ta iso. Jama'a, sai mun sake haɗuwa, wassalamu alaikum.