Taimakon makamai daga waje da kariyar sararin samaniya: lacca kan abin da yaƙin Yukiren ya nuna

Assalamu alaikum. Malamai, manyanmu da ke zaune a gaba, ɗalibai, barkanmu da warhaka.

Bari mu fara da wata tashar lantarki. Ranar 11 ga Afrilu 2024, Rasha ta ragargaza tashar Tiripilska, wadda ke ba birnin Kiyef da kewaye wuta. Bayan 'yan kwanaki shugaban Yukiren, Zelenski, ya bayyana yadda abin ya faru: makamai masu linzami 11 aka harbo, an kakkaɓo 7, sauran 4 suka sauka a kan tashar. Na'urar rada ta gan su, sojoji suna bakin aiki, motocin harbi lafiyarsu ƙalau. Abin harbawa ne ya ƙare. A lokacin kuwa kuɗin taimakon Amurka, kimanin dala biliyan 61, ya shafe wata shida yana maƙale a majalisar dokoki a Washinton, sai ƙarshen wannan watan na Afrilu aka sa masa hannu. Ku riƙe wannan a zuciya, domin kusan duk abin da zan faɗa yau a kansa zai dawo.

Idan aka ce an ba wata ƙasa Patriot, wato tsarin kariyar sararin samaniya ƙirar Amurka, mutane da yawa suna ɗaukan wata babbar bindiga ce guda. Ayari ne. Akwai rada mai gani, akwai motar da jami'ai ke zama su yanke shawarar harbi, akwai motar janareto, akwai dogayen eriya na sadarwa, sannan motocin harbi da kan kai 8. Mutum kusan 90 ne ke riƙe da rukuni ɗaya, kuɗinsa da makamansa ya kai dala biliyan 1. Motar harbi ɗaya tana ɗaukan tsohon samfurin makamin, PAC-2, guda 4, ko sabon samfurin, PAC-3 MSE, guda 12. Na farko yana fashewa kusa da abin da ya biyo ya watsa masa ƙarafa. Na biyu kuwa karo yake yi da shi kai tsaye, shi ya sa ake ajiye shi domin makaman balistik, wato waɗanda ke hawa can sama su faɗo kamar dutse. In janareto ya tsaya, ko aka fasa rada, duk motocin harbin nan sun zama ado.

Rada ɗin ma tana da iyaka biyu da ya kamata kowa ya sani. Ta farko, radar Patriot da aka daɗe ana amfani da ita ba ta juyawa. Gabanta take kallo, kusan kashi ɗaya cikin uku na da'ira. Ta biyu, duniya a lanƙwashe take. Rada mai eriya a tsayin mita 10 ba za ta hango abin da ke tafiya mita 50 daga ƙasa ba sai ya matso kusan kilomita 40, in ma babu tudu ko dogayen gine-gine. Makami mai linzami mai shawagi ƙasa-ƙasa yana cinye wannan tazara cikin minti 3. A cikin mintunan nan uku za a gane shi, a tabbatar ba jirgin gida ba ne, a zaɓi wanda zai harbe shi, a harba, a duba ko an samu. Wannan raunin ne ya bayyana a Abƙaiƙ da Khurais na Saudiyya ranar 14 ga Satumba 2019, inda jirage marasa matuƙi 18 da makamai masu shawagi 7 suka tsayar da haƙo gangar mai miliyan 5.7 a rana. Saudiyya na cikin ƙasashen da suka fi kowa sayen Patriot, amma abin ya zo ƙasa-ƙasa, daga inda ba a sa ido ba.

Saboda haka ake shirya kariya hawa-hawa, kamar ganuwa da ƙofa da zaure. A Yukiren, a makonnin farko na mamayar Rasha a 2022, tsofaffin makaman zamanin Tarayyar Sobiyat ne suka yi babban aikin: S-300 mai cin dogon zango da Buk mai matsakaici. Sun tsira ne saboda an kwashe yawancinsu daga mazauninsu kafin ruwan makaman daren farko, daga nan kuma suka riƙa kunna rada na ɗan lokaci, su harba, su kashe, su tashi. Matuƙan Rasha da suka ga sama ba ta hawuwa sai suka sauko ƙasa-ƙasa, nan kuma Stinger da Igla, makaman da ake saɓawa a kafaɗa, ke jiransu. To kun ga, Stinger na waje bai yi tasiri shi kaɗai ba. S-300 na gida ne ya koro masa farauta. Kuma Stinger ba ya wuce kilomita 5. Yana da wani ɗan gwangwani mai batir da iskar sanyaya idon makamin, wanda da zarar an kunna shi sakan 45 kawai yake yi. Sojan da ya firgita ya kunna tun jirgi na nesa ya ɓata gwangwani ɗaya a banza.

Daga baya sauran suka biyo: IRIS-T na Jamus a Oktoba 2022, mai cin kilomita 40, NASAMS na Nowe da Amurka a Nuwamba, Patriot a Afrilu 2023, bayan horo na kimanin mako 10 a sansanin Fort Sill da ke Oklahoma. Ranar 4 ga Mayu 2023 Patriot ya kakkaɓo Kinzhal a saman Kiyef, makamin da Rasha ta daɗe tana cika baki cewa ba a tare shi. Duk mai cewa makaman nan ba sa aiki bai yi adalci ba. Suna aiki. Matsalar tana wajen lissafi.

Ga lissafin. PAC-3 MSE guda ɗaya yana kai wa dala miliyan 4. Ƙa'ida ita ce a harba biyu a kan makamin balistik ɗaya, don in na farko ya kuskure babu lokacin sake gwadawa. Kamfanin Lockheed Martin ya ƙera kimanin 500 a duk shekarar 2024. Ku raba biyu, ya zama hari 250 kawai za a iya tarewa, kuma ƙasashe fiye da 15 ne ke layi suna jira, har da ita kanta Amurka. A ɗaya ɓangaren ga Shahed-136, jirgi maras matuƙi ƙirar Iran da Rasha ta fara amfani da shi a Satumba 2022, daga baya ta kafa masana'antarsa a Alabuga da ke Tatarstan. Injinsa ƙara yake kamar babur, gudunsa kusan kilomita 185 a awa, bam ɗinsa kilo 40 zuwa 50, kuɗinsa 'yan dubun-dubatar dala. A wani dare na Satumba 2025 an sako irinsu fiye da 800, a cikinsu har da na bogi, ƙirar katako da soso, waɗanda aikinsu kawai su cika fuskar rada su ja makami. Wanda ya riƙa harba makamin miliyoyi a kan irin wannan, ko da bai taɓa kuskure ba, abokin gabarsa ya ci riba, domin ranar da balistik zai zo rumbu ya kwashe.

Maganin da ya fi amfani ya fito ne daga inda ba a zata ba. Jamus tana da wata tsohuwar motar yaƙi mai suna Gepard da ta riga ta yi wa ritaya, mai bakin igwa biyu na milimita 35 da ƙaramar rada a kanta. Ba ta wuce kilomita 4, amma a kan Shahed 'yan harsasai kaɗan sun isa. Sai dai ga inda gizo ke saƙar: harsasan ƙirar Suwizalan ne, dokar Suwizalan ta 'yan ba-ruwanmu kuma ta hana a miƙa su ga ƙasar da ke yaƙi. A 2022 Jamus ta nemi izinin tura guda 12,400, aka ce a'a. Sai da kamfanin Rheinmetall ya kafa sabon layin ƙira a Jamus, harsasan suka fara fita a 2023. Mota na nan, horarrun mutane na nan, amma watanni ana ƙirga harsashi kamar mai awon gero a shekarar fari. Ɗalibai, duk lokacin da kuka ji an ba wata ƙasa makami, ku tambaya: wa ke ƙera abin da yake ci, kuma dokar wace ƙasa ce ke kansa?

Su kansu 'yan Yukiren sun ƙara nasu. Sun dasa dubban na'urorin sauraro a kan sanduna a faɗin ƙasar, da farko wayoyin hannu ne da makirfo, masu jin ƙarar injin Shahed su aika wurinsa zuwa allon kwamfutar hannu. Ayarin sojoji a motocin a-kori-kura, da babbar bindiga da fitila mai ƙarfi ko na'urar ganin zafi, sai su riga shi zuwa hanyarsa. Da Rasha ta ga haka ta fara shafa wa jiragen baƙin fenti, ta kuma ɗaga su sama inda bindiga ba ta kaiwa, sai Yukiren ta koma ga ƙananan jirage marasa matuƙi masu bin Shahed su buge shi, kowane a 'yan dubban dala. Kowace dabara a wannan fage watanni take yi kafin a samo mata makari. Haka kuma da makaman Buk suka fara ƙarewa, tunda a Rasha ake ƙera su, injiniyoyi suka gyara motocin Buk ɗin su riƙa harba Sea Sparrow na Amurka. Ɗinki ne na dole, amma ya raya motocin da da sun zama kwangiri.

Za a ce mini, to Isra'ila fa? A daren 13 zuwa 14 ga Afrilu 2024 Iran ta harba jirage marasa matuƙi kusan 170, makamai masu shawagi fiye da 30, na balistik kusan 120, kuma kaɗan ne suka sauka. Gaskiya ne. Amma a duba sharuɗɗan: tazarar ta wuce kilomita 1,000, jiragen sun yi awoyi a hanya, an san da zuwan harin tun kwanaki, jiragen yaƙin Amurka da Ingila da Faransa da Jodan sun tare da yawa tun ba su iso ba, ƙasar da ake karewa kuma ƙarama ce. Yukiren ta fi murabba'in kilomita 600,000, birnin Kharkif kuwa kilomita 30 kacal ke tsakaninsa da iyakar Rasha. Abin da aka harbo daga Belgorod, birnin Rasha da ke tsallaken iyakar, yakan sauka kafin a gama busa jiniya. Kwatanta su biyun ba tare da faɗin wannan ba yaudarar kai ne.

Yanzu mu zo ga kurakuran da ke faruwa a cikin na'urar da hannun mai ita. Ranar 25 ga Fabrairu 1991, a Dahran ta Saudiyya, makamin Scud na Iraƙi ya faɗa kan masaukin sojojin Amurka ya kashe 28, alhali Patriot na gadin wurin. Dalili: agogon cikin kwamfutarsa yana tara ɗan ƙaramin kuskure duk awa, an ƙera shi ne a kan zai yi 'yan awoyi a kashe a tashi, sai aka bar shi a kunne kusan awa 100. Kuskuren ya taru ya kai sulusin sakan. Ga makamin da ke gudun fiye da kilomita ɗaya da rabi a sakan, wannan ya sa rada ta leƙa wurin da ya kauce da fiye da rabin kilomita, ba ta ga komai ba, ta ɗauka babu hari. Kashewa da sake kunnawa da ya gyara. Gyararriyar manhajar kuwa ta iso washegari. A 2003 Patriot ya kakkaɓo jirgin Tornado na Ingila da F/A-18 na Amurka, duk na gida. Ranar 8 ga Janairu 2020 makamin Tor na Iran ya harbo jirgin fasinjan Yukiren jim kaɗan da tashinsa daga Tehran, mutum 176 suka rasu. Gane aboki daga maƙiyi cikin 'yan sakanni shi ne mafi wuyar aikin, kuma idan ƙasa ta tara na'urori daga ƙasashe daban-daban waɗanda ba sa jin yaren juna, haɗarin ƙaruwa yake yi. Haɗa su a kan allo guda, kowa ya san wanda ke harbin me, aiki ne da ba ya fitowa a hoton jarida, amma rashinsa ne ke sa rukuni biyu su harbi abu ɗaya, wani abin kuma ya wuce salin-alin.

Batun gyara zan taƙaita, duk da ya isa lacca guda. Amurka ta kashe fiye da dala biliyan 80 a kan sojojin Afganistan cikin shekara 20. Ta sauya musu jirage masu saukar ungulu na Rasha, Mi-17, waɗanda kanikawansu suka ƙware a kai, da Black Hawk, wanda kusan duk gyaransa a hannun 'yan kwangilar waje yake. Da 'yan kwangilar suka tafi a 2021, jiragen suka fara zama ɗaya bayan ɗaya. Ko ita Amurkar ta sha irin wannan a gida: bayan ta tura Stinger fiye da 1,400 Yukiren, aka tarar wasu sassan makamin an daina ƙera su, har sai da kamfanin Raytheon ya kirawo ma'aikatan da suka yi ritaya su koya wa sababbi.

Kada mu ɗauka wannan zance na nesa ne. A Mayu 2025 jirage marasa matuƙi sun shafe kwanaki suna dukan filin jirgin sama da rumbunan mai a Fot Sudan. A yankin Tafkin Chadi, mayaƙan ISWAP sun fara rataya bam a ƙananan jirage masu farfela huɗu, irin na masu ɗaukan hoton biki. Ba Patriot ne maganin wannan ba, ko da kyauta aka ba mu. Irin wannan jirgi yakan yi ƙanƙanta da jinkirin da babbar rada ke ɗaukansa tsuntsu. Abin da sansani a Borno ko Difa ke buƙata shi ne na'urar da ke jin siginar da ke tsakanin jirgin da mai tuƙa shi, da na'urar toshe wannan sigina, da raga a saman ramuka da ma'ajiyar albarusai, da mai gadi da aka horar ya riƙa kallon sama. A nan ma akwai tarko: na'urar toshewar tana iya kashe rediyon sojojinka da jiragenka in ba a raba mitocin rediyo tun da wuri ba, tana kuma shan batir, saboda haka sai an yi mata tanadin caji da man janareto a wurin da tankar mai ba ta zuwa sai da rakiya. A Yukiren ma an riga an wuce nan, domin tun 2024 ake amfani da jiragen da ke jan siririn zaren gilashi a bayansu, tsawon kilomita 10 ko fiye, umarni na bi ta cikin zaren, babu siginar da za a toshe. Irin wannan sai raga, ko bindigar farauta mai watsa harsashi a hannun wanda ya iya.

Lokacin la'asar ya gabato, shugaban taro yana yi mini alama. Bayan salla za mu karɓi tambayoyi.