Awa uku a Landan: kuskuren da ke cinye kuɗin baƙo a ƙofar tasha

Assalamu alaikum, masu kallo. A tafiyar yawon buɗe ido da ake yi a ayari zuwa Landan, akan kai lokacin da mota za ta tsaya, jagora ya dubi agogo, ya ce kowa ya kama gabansa, a haɗu a nan da ƙarfe huɗu. Wani koke da akan ji shi ne na mutanen da suka hau jirgin ƙarƙashin ƙasa sau biyu kacal a wannan ɗan lokaci, amma suka tarar an cire musu kuɗin da ya ninka abin da suka zata.

Wuraren kallon ba su da wuyar samu, kamar yadda kuke gani. Ga majalisar dokoki da hasumiyar agogonta a bakin kogin Thames, ga lambun St James da ake ratsawa da ƙafa zuwa fadar Buckingham, ga kuma dandalin Trafalgar da gidan zane-zanensa wanda shigarsa kyauta ce. Gidan tarihin Birtaniya ma kyauta ne, kuma a nan ne aka ajiye da yawa daga kayan tagullar da sojojin Ingila suka kwaso daga Benin a 1897, waɗanda har yanzu ake takaddamar mayar da su.

Yanzu ku dubi wannan da'irar mai ruwan ɗorawa da ke jikin ƙofar tasha. Matafiyi zai ɗora katinsa a kanta lokacin shiga, sannan ya sake ɗora shi lokacin fita, domin da waɗannan taɓawa biyu ne na'ura ke gane inda ya taso da inda ya sauka, ta lissafa kuɗin tafiyar. Idan ɗaya ta ɓace, na'urar ba ta san iyakar tafiyarsa ba, don haka sai ta yanke masa kuɗi mafi tsada.

Inda mutane ke ruɗewa shi ne abin da suke taɓawa da shi. Ku lura da wannan matar: ta shiga da katin bankinta na roba, da ta zo fita kuma sai ta miƙa wayarta, tunda katin nan ɗin ne ta saka a cikin wayar. A wurinta asusu ɗaya ne, amma na'urar tana ɗaukar katin da wayar a matsayin matafiya biyu, ɗaya ya shiga bai fita ba, ɗaya ya fita bai shiga ba, kuma kowannensu za a ci shi tarar tafiyar da ba ta cika ba. Ta kuma yi asarar wata garabasa, domin akwai iyakar abin da ake cirewa a yini, wanda idan an kai shi sauran tafiye-tafiyen ranar ba a ƙara caji, amma sai an yi su duka da abu ɗaya.

Haka nan kati ɗaya ba ya ɗaukar mutum biyu. Maigida ba zai taɓa ya wuce, ya miƙo wa uwargida katin ta saman ƙofa ba, ko da yake mun san niyyarsa ta alheri ce. Kowane babba sai da nasa, yara 'yan ƙasa da shekara 11 kuwa suna bin babba kyauta ta ƙofa mai faɗi. Kada kuma a ɗora walat gaba ɗaya a kan da'irar, domin idan akwai kati biyu a ciki na'urar za ta iya ɗaukar wanda ba a nufa ba. A ganina, baƙon da ba shi da tabbacin katin bankinsa na gida zai yi aiki a waje gara ya sayi katin Oyster, wato katin biyan kuɗin sufuri na Landan, a tasha ya zuba masa kuɗi, ya huta da fargaba. Wasu tashoshin, musamman na layin DLR, wato ƙaramin jirgin ƙasa na gabashin Landan, ba su da ƙofa ko kaɗan, sai na'ura a tsaye a gefe, kuma a nan ma dole a taɓa.

Bas daban take. Sau ɗaya ake taɓawa, lokacin hawa, kuma tun 2014 direba ba ya karɓar tsabar kuɗi.

Wanda aka riga aka cire wa kuɗi fiye da kima zai iya neman gyara a shafin intanet na hukumar sufurin Landan, TfL. Kafin ku gangara ƙasa kuma, ku duba nisan wurin a waya, domin taswirar jirgin ba ta nuna nisa na gaskiya: daga tashar Leicester Square zuwa Covent Garden bai kai mita 300 ba, kuma mai tafiya a ƙafa yakan riga wanda ya sauka neman jirgi isa.