Hasken da ke sa jini ya yi magana

Jama'a, kafin mu yi nisa, ku gwada wani abu. In dare ne kuma an ɗauke wuta, ya ma fi. Kunna fitilar wayarka, ka danna ta a kan yatsa. Ya yi ja wur kamar garwashi, ko? To, duba da kyau. Ka ga ƙashi? Ka ga jijiya? Babu ko ɗaya. Hasken ya ratsa, amma a dagule ya fito. Tsoka tana watsa haske kamar ruwan Matan Fada ranar kamun kifi a Argungu, bayan masunta sun dama laka: ga rana tsaka, amma ko hannunka ba ka gani a cikin ruwan. A jikin mutum, da haske ya wuce zurfin milimita 1, ya fara ɓatan kai.

Sauti ba ya ɓata haka. Shi ya sa sikanin da ake yi wa masu juna biyu yake leƙo jariri a ciki. Sai dai sikanin bai san launi ba. Siffa yake nunawa, ba zai gaya maka ko jinin wurin ya ƙoshi da iskar oksijin ba.

Sai masana suka ce, to, a aiki haske ya shiga, sauti ya dawo da saƙo. Sunan dabarar fotoakustik.

Ta yaya haske zai haifi sauti? Duk wanda ya taɓa zama a ɗakin kwano a Birnin Kebbi cikin watan Afrilu ya san amsar. Da hantsi ya dubi ludayi, sai ka ji rufin yana ƙas, ƙas. Rana ce ta gasa ƙarfen, ya buɗa, ya yi ƙara. Haka ake yi wa jini, amma da sauri na fitar hankali. Na'urar leza tana harba haske sau ɗaya, fyat, cikin lokacin da bai kai kashi 1 cikin miliyan na daƙiƙa ba. Sinadarin himogilobin, wanda ke ba jini launin ja, ya shanye hasken. Wurin ya ɗumama kaɗan, ko kusa da digiri 1 bai kai ba, mutum ba ya ma ji. Jijiyar ta kumbura ƙiris, ta turo tsokar da ke gefenta, turin nan ya bazu a matsayin sautin da kunne ba ya kamawa. Na'urar saurare da aka ɗora kan fata ita ke kama shi.

Saura sanin daga ina sautin ya taso. Ku tuna da damina. Ka ga walƙiya, ka ƙirga daƙiƙa 3 kafin tsawa ta iso, ka san kusan kilomita 1 ke tsakaninku. Lissafin ke nan. Sauti yana tafiyar kusan mita 1,500 a daƙiƙa cikin tsoka, don haka jijiyar da ke zurfin santimita 3 saƙonta zai iso cikin kashi 20 na miliyan na daƙiƙa. Kwamfuta ta tattara lokutan isowar daga kusurwoyi da yawa, ta zana taswirar jijiyoyi kamar saiwar bishiya.

Abin ba sabo ba ne. Alexander Graham Bell, mai wayar tarho, ya gano shi tun 1880, lokacin da ya riƙa datse hasken rana da faifai mai juyawa, ya ji abin da hasken ke sauka a kai yana fitar da amo. Ilimin ya jima a ajiye, don ba a samu leza ba sai 1960. A 2003 ne Lihong Wang da abokan aikinsa a Amurka suka ɗauki hoton jijiyoyin ƙwaƙwalwar ɓera mai rai ba tare da sun buɗe ƙoƙon kansa ba.

Ga inda ya fi burge ni. Jinin da ya sha oksijin da wanda ya juye nasa ba launin haske ɗaya suke so ba. A sauya launin lezar, a sake harbawa, sai hoton ya raba su. Ciwon daji kuwa mayunwaci ne, yana jawo sababbin jijiyoyi barkatai, yana zuƙe oksijin ɗin wurin. Shi ya sa aka fi matsa bincike kan sankarar mama, har hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta amince da wata na'ura mai suna Imagio a 2021. Kuma babu irin tururi mai illa na hoton ƙashi, wato X-ray, a cikin wannan dabara.

Amma kada a zuzuta. Zurfin da hoton fotoakustik ke kaiwa santimita kaɗan ne, ƙashi da iskar huhu suna tare sautin. Sannan akwai wadda ta shafe mu kai tsaye: melanin, sinadarin da ya sa fatarmu ta yi duhu, shi ma mashayin haske ne. Yana tare wani kaso tun daga bakin ƙofa, ya yi tasa hayaniyar, hoton ya dusashe. Farfesa Muyinatu Bell ta Jami'ar Johns Hopkins da abokan aikinta sun nuna haka a 2023, suka kuma nuna lissafin da ke tace hayaniyar. Ni dai duk na'urar da aka kawo mana, tambayata ta farko ita ce a kan wace irin fata aka gwada ta.

Masu noman shinkafa a fadamun Kebbi, da sauro ya zame musu maƙwabci, ga taku. Ƙwayar maleriya tana cin himogilobin, ta bar wani baƙin tsaki mai suna himozoyin, wanda ke shan haske sosai. An ƙera wata na'ura, Cytophone, da ake ɗorawa a bayan hannu ta saurari tsakin nan yana wucewa cikin jijiya, ba allura, ba ɗigon jini. An gwada ta a Kamaru, sakamakon ya fito a 2024. Har yanzu tana matakin gwaji, saboda haka in zazzaɓi ya rufe yaro daren nan, a kai shi a soki yatsan nan dai a duba.