Ƙarfe a jikin ƙashi: ta ina tsatsa ke shiga?

An rubuto wannan ne daga rikodin laccar da wani likitan ƙashi ya yi wa ɗaliban jinya da ma'aikatan ɗakin tiyata a Garwa.

Assalamu alaikum. Na baya, kuna jina? To madalla. Abu uku zan taɓo: ƙashin kansa, ƙarfen da muke sa masa, sai tsatsa.

Na farko, ƙashi. Kusan 2 bisa 3 na nauyinsa ma'adini ne, saura kolajin, wato furotin mai kamar zare, da ruwa. Ya fi jure danni a kan ja, murɗa kuwa ita ce lagonsa. Shi ya sa ɗan acaɓa in ƙafarsa ta maƙale jiki ya juya, sai ku ga karayar ƙwauri ta fito a murɗe a hoto. A ma'aunin tauri da ake kira gigafaskal, taurin ɓawon ƙashin cinya bai wuce 20 ba. Ƙarfe mara tsatsa lamba 316L yana kusan 200, gamin kobal da kuromiyom ya ɗan haura haka, titaniyom mai gamin alminiyom 6 da banadiyom 4 cikin 100 yana wajen 110. 316L ya ninka ƙashi tauri sau 10 ke nan, sai ya ƙwace nauyin. Tun 1892 Bajamushe Julius Wolff ya rubuta cewa ƙashi yana ginuwa ne daidai da nauyin da yake ɗauka, don haka wanda ke ƙarƙashin faranti mai tauri, wato ƙarfen da muke ɗaure karaya da shi, sai ya riƙa sirancewa.

To, tsatsa. Bari in tsallaka zuwa gare ta, don nan zuciyata take. Cikin jikin mutum ruwan gishiri ne, 0.9 cikin 100, zafi digiri 37, dare da rana. Abin da ke kare 316L wata 'yar fata ce da kuromiyom ɗinsa, 17 zuwa 19 cikin 100, yake yi idan ya haɗu da iskar oksijin. Kaurinta nanomita kaɗan ne, ido ba ya gani. In ta karce, ta sake kanta, amma fa sai da oksijin. Ku riƙe wannan: sai da oksijin.

Yanzu ku dubi wannan farantin, a miƙa shi ya zagaya. A'a Malam, a dawo mini da shi, ba tsaraba ba ce! Ku leƙa ramin da kan sukuru ke zama. Kun ga baƙi-baƙin nan da ƙananan ramuka? Tsakanin kan sukuru da faranti akwai ɗan matsattsen lungu. Ruwa ya shiga, oksijin ɗin ciki ya ƙare, sabo ba ya iya shiga. Kuloraid na gishirin ya taru, ruwan wurin ya yi tsami, fatar nan ta lalace ba ta da abin gyara kanta. Sannan duk takun da majiyyaci ya yi, sukuru na ɗan gogar faranti, motsin da ba a gani, yana kankare abin da ya rage. Lungu da guga, su biyun nan tare suke aiki. Shi ya sa ake ƙara molibdinom wajen 2 zuwa 3 cikin 100, ana kuma rage kabon ƙasa da 0.03 cikin 100 don ƙarin kariya daga tsatsa. Kai ma'aikacin tiyata, ga naka: kada ka kama faranti da abin da zai karce shi, kada ka jiƙa shi a ruwan gishiri ko bilic, kada ka miƙo sukurun titaniyom a kan farantin 316L. Na san masu bincike suna gardama kan girman illar haɗa su, amma ƙa'idar ɗakin tiyata ita ce jinsi ɗaya, saiti ɗaya.

Na biyu... ko na uku ne? Gajiyar ƙarfe dai. Waya in ka yi ta lanƙwasa ta gaba da baya, za ta karye. Mutum na yin taku sama da miliyan 1 a shekara, kwankwaso na ɗaukar kusan ninki 3 na nauyin jiki a tafiya. In ƙashi bai haɗe ba, faranti zai tsage, galibi a ramin da ke daidai karayar, kuma ramin tsatsa ne yakan zama mafarin tsagar. Don haka a lanƙwasa faranti sau ɗaya, kada a mayar.

Na'am Hajiya? Tana tambaya ko dole ne a cire ƙarfen. Ba dole ba ne. In ba ciwo, wurin ba ya fitar da ruwa, ba ya tokarar fata, babba zai iya zama da shi. In za a cire, a bari hoto ya nuna ƙashi ya haɗe sarai, yawanci bayan wata 12 zuwa 18, na damtse ma a fi haka haƙuri don yana saurin sake karyewa. Ramukan sukuru da aka bari wuraren rauni ne, sai an yi makonni kafin su cike, saboda haka ba ɗaukar buhu, ba ƙwallo. Wanda aka cire kuma kada a wanke a sa wa wani, ya riga ya ci rabon gajiyarsa. An kira salla, sauran tambayoyin sai mun dawo.